Wanda Ya Riga Gamawa Ya Sha Kaye

Fiye da shekara goma Delbert Haskins da Roscoe Tull suna musu guda a teburi guda, kowace safiyar Asabar, a gidan abincin Maxine da ke bakin hanyar Toledo. Musun bai taɓa canzawa ba: motar wa ta fi wuyar haɗawa. Su biyun sun haura saba'in, su biyun sun yi ritaya, kuma kowannensu ya kwashe ɗan abin da ya rage masa na ƙarfi da hankali ya zuba a kan kwaikwayon wata tsohuwar mota wadda ko a mafarki ba zai iya sayen ta ainihin ba.

Ta Delbert ita ce Superbird ta 1970, wadda duk garin Dunmore yake kira Mai Fiffike, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ta a kan titi. Ta ainihin don tsere aka yi ta, kuma kaɗan aka ƙera. Tana da dogon hanci mai tsini a gaba, da fiffike a baya wanda ya ɗara rufin motar tsawo. Delbert ya samo wata ruɓaɓɓiyar 'yar uwarta ta talakawa a bayan rumbun wani manomi, kaji sun mai da ita gidan haya, ya janyo ta gida, ya sa ta a nasa rumbun, ƙaton ɗakin ajiya irin na manoman can, ya ce da ita zai yi. Ta Roscoe kuwa Mustang ce, irin wadda ake ce wa Boss 429. Daga nesa kamar motar kowa, sai ka ɗaga bonet ka tarar da injin da bai kamata a ce ya shiga wurin ba.

"Hanci da fiffike," in ji Roscoe, yana dangwala fanke a cikin zuma. "Ko jikata in ka ba ta gam da kwali za ta yi maka. Ka sayo hanci ka ɗaura, ka sayo fiffike ka ɗaura. Ina wahalar take?"

"Ku ji shi fa, wai ɗaurawa," in ji Delbert. "Hancin nan ba ya zama sai ka nemo madigadin wata mota daban ka yanka ka haɗa. Bonet sai an ƙara masa tsawo. Gilashin baya sai ka fasa rufi ka sake masa mazauni. Fitilun suna ɓoye a cikin hancin, iska ce ke buɗe su, ka kuskure kaɗan ɗaya ta buɗe ɗaya ta ƙi, mota ta riƙa kashe wa mutane ido a hanya. Kai me ka yi? Ka tura babban inji a ƙaramin rami."

"Ramin da sai da na yanke bangonsa biyu na matsar da su! Bangon da ke riƙe da ƙafafun mota, Del. Kai in hancinka ya karkace, yara su yi dariya. Ni in nawa ya karkace, a tsince ni a gonar masara. Batir ma bai sami wurin zama ba, sai da ya koma but."

"Allah sarki, batir ya yi gudun hijira. A tara masa taimako."

Sauran 'yan teburin, masu gyaran tarakta da tsofaffin direbobin tirela, tuni sun rabu gida biyu kamar ranar zaɓe. Maxine kuwa tun a shekarar farko ta gaji. Wata Asabar ta zo da butar kofi ta tsaya a kansu ta ce, "Kun ishe ni, dattawan nan. Wanda ya riga gamawa, tasa ce mai sauƙi. Shi ke nan. Ku ɗaga hannu in goge teburi." Ita baiwar Allah shiru take nema. Abin da ta samu shi ne tsofaffi biyu da suka ɗauki maganarta kamar hukuncin kotun ƙoli, kuma daga ranar ba wanda ya sake yin sauri.

Abin da ba wanda ya sani, in ban da matarsa Noreen, shi ne Delbert ya gama Mai Fiffike tun bara waccan. Ba da niyya ba. Hannunsa ne ya ci amanarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bugun bodi ba ya iya ganin aiki ya ƙyale, ya ɗaure nan ya goge can, sai wata rana da la'asar ya miƙe ya duba hagu da dama bai ga abin da ya rage ba. Fenti ruwan lemo yana ɗaukar ido. Fitilu suna buɗewa tare kamar an yi musu magana. Inji in ya tashi sai kwanukan kicin su amsa. Maimakon murna, gabansa ne ya faɗi. Nan take ya kwance fiffiken ya rataye a bangon rumbu, ya watsa sifanu a ƙasa, ya rufe rabin motar da tamfol, don in Roscoe ya leƙo ya ga aiki jibge. Da Asabar ta zo ya zauna ya yi ta ƙorafin cewa ƙarafan da ke tallafe fiffiken daga cikin but sun ƙi daidaita, har Roscoe ya taɓe baki ya ce, "Ƙarfe biyu kacal."

Tun daga lokacin aikinsa a rumbu ya koma goge ƙura da ƙirƙirar matsaloli. Noreen takan ce ita kaɗai ce mace a jihar Ohio da mijinta ke shiga rumbu kullum don ya tabbatar bai gama abin da ya gama ba.

A watan Mayun bana ne ya lura ƙofar direba ta karkace. Layin da ke tsakaninta da madigadi, wanda shi da kansa ya miƙar, ya yi ciki a tsakiya. Ya kwance ƙofar, ya mayar, ya sake kwancewa, ya yi mako yana zagin ƙarfe. Noreen ce ta zo da abin awon ɗinkinta ta ɗora a kan layin. Ƙofa lafiyarta ƙalau. Da ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙin rumbu, shi ma ya yi ciki a daidai tsakiya.

Likitar ido a Toledo ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce tsakiyar ganinsa ce take lalacewa, gefe zai tsaya, tsakiya za ta tafi, kuma nasa yana sauri.

"Da rana har yanzu kana iya tuƙi, Mista Haskins. Da dare kada ka kuskura. Yaushe lasin tuƙinka zai ƙare?"

"Oktoba. Ranar haihuwata."

"To ka mori bazarar nan. Ban ga alamar za ka wuce gwajin ido a ofishin lasin ba."

Bazara ɗaya, ke nan. A ƙasar nan dama tsohuwar mota ba ta fita in an shiga hunturu, don da dusar ƙanƙara ta fara sauka ake watsa gishiri a titi, gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe. Daga Mayu zuwa Oktoba ake shan iska, sauran shekara a rufe ƙofa a yi ta musu.

"Fito da ita," in ji Noreen tun kafin su bar wurin ajiye motocin asibiti.

"Roscoe bai gama ba."

"Ina ruwan idonka da Roscoe?"

"Kin san abin da zai yi? Zai zagaye ta da hannu a aljihu ya ce, 'Ai na gaya maka, aikin ƙarshen mako ne.' A gaban kowa. Kuma zai yi ta faɗa har a bakin kabarina."

"To ya faɗa mana. Kana cikin mota, inji na ruri, ba ka ma ji ba."

"Ke ba za ki gane ba."

"Gaskiyarka. Ni da hankalina."

Ta kawo shawarwari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kashe. A ɗora ta a tirela a tafi jihar Indiana inda ba a san shi ba: rufaffiyar tirela ɗaya ce a Dunmore, kuma ta Roscoe ce. A fita da sassafe: manoma sun riga kowa tashi, sun kuma fi kowa surutu. Motar da ke da kalar lemo da fiffike sama da rufi ba a satar fita da ita, kafin ka kai gada hotonta yana wayar kowa. A fita ba fiffiken: nan ya dube ta kamar ta ce ya je coci ba wando.

"Kada ki gaya wa kowa zancen idon nan," ya ce. "Balle Roscoe. Ba na son a bar mini musu don tausayi."

Tsoro yana nan, kada a ce babu. Yakan zauna a kujerar direba a cikin rumbu, hannu a kan sitiyari, ya rufe ido ɗaya ya buɗe, ya gwada ɗayan, yana neman agogon gudu a inda ya san yake. Yana son ya ji motar nan a kan hanyar tafki, tagogi a sauke, fiye da duk abin da ya taɓa so tun yana saurayi. Amma a ce Roscoe Tull ya yi gaskiya, wannan ya fi ƙarfinsa. Sai ya yi abin da yake gani shi ne wayo: tun da shi ba zai riga gamawa ba, to zai sa Roscoe ya gama.

Kowa ya san abin da ke riƙe da Roscoe, don ba Asabar ɗin da ba ya kuka a kai. Kafireta, mai haɗa wa inji fetur da iska. Ba kowace ba, irin ta ainihin wadda aka sa wa wannan injin, mai lambar da ta dace. Shekara uku yana cewa ta ɓace daga doron ƙasa, yana faɗa da wani irin jin daɗi kamar mai ba da labarin ɗansa ya zama likita.

A watan Yuli Delbert ya sa Noreen ta kai shi babbar kasuwar tsofaffin kayan mota, inda ake baza ƙarafa a fili har iyakar gani, na masu gani. Ya yi yini biyu a rana yana bin tebura, yana ɗaukar kaya yana karkatar da kai kamar kaza don ya kalle su da gefen ido. A rana ta biyu wani mai gemu daga Kentucky ya ciro masa ita daga ƙarƙashin teburi, naɗe a tsohon tawul. Delbert ya shafa wurin lambar da babban yatsa. Ya ji ramukan haruffan, amma bai iya karanta ko ɗaya ba.

"Ita ce?" ya tambaya.

"Ita ce, baba. Duba da kanka."

"Na gani," in ji Delbert.

Asabar mai zuwa ya dire ta a tsakiyar teburi, tsakanin kwalbar barkono da farantin ƙwai.

"Ga ta nan. Na gaji da jin kukanka. Ka sa, ka gama, mu huta."

Roscoe ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ciro madubin ƙara girma daga aljihun riga, don shi irin mutanen nan ne da ke yawo da shi. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya shinshina. Ya riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwai, Delbert ya ga wannan da gefen ido, ransa ya yi fari. Sai Roscoe ya ajiye ta a hankali ya tura ta gaba.

"Afrilu," ya ce.

"Me ya sami Afrilu?"

"Ranar da aka buga a jikinta. An yi ta a watan Afrilu. Motata ta watan Maris ce. Ta yaya mota za ta fito daga masana'anta a Maris da kafiretar da ba a haifa ba sai Afrilu? Ba ka karanta ba ne kafin ka saya?"

"Roscoe," in ji Delbert, yana ƙoƙarin riƙe muryarsa, "motarka ba ta taɓa fitowa daga wata masana'anta da wannan injin ba. Motar wata malamar makaranta ce mai silinda shida. Kwaikwayo ce. Kai ka zauna ka zaɓa mata ranar haihuwa."

"To na zaɓa, kuma ina mutunta ta. Gilasaina na Fabrairu ne. Lagireto na Fabrairu. Ba ni ne mai liƙa hanci in ce na yi mota ba."

"Canza mata ranar mana! Ka ce a Mayu aka haife ta. Wa zai kai ka ƙara, ungozoma?"

Teburi ya fashe da dariya. Roscoe bai yi ba. Ya daɗe yana kallon kafiretar, ya sake janyo ta gabansa, ya lulluɓe ta da tawul ɗin kamar kada ta yi mura.

"In ta koma Mayu, akwai abubuwan da sai na canza," ya ce. "Zan yi tunani."

Ya kuwa yi tunani. Ya yi shi duk watan Agusta. Roscoe ma'aikacin injin sassaƙa ƙarfe ne a da, mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba agogo biyu. Kowace Asabar Delbert yakan jefa tambayar a fakaice, ya sami amsa iri ɗaya: ana nazari. Masara ta yi tsayi ta fara bushewa. Tabon da ke tsakiyar idonsa, wanda a Mayu bai wuce ɗigon mai a gilashi ba, ya kai yanzu in ya dubi fuskar Noreen sai ya ga gashi da kunnuwa, sauran ya cika da tunani.

"Ya kusa," yakan ce mata. "Jiya na ji ya yi odar wayoyin filogi."

"Madalla. Sai mu aika wa idonka takarda ya jira wayoyin filogi."

Wata safiyar Talata a ƙarshen Satumba gari ya waye garau, irin ranar da ko mai ciwon baya sai ya ji yana son zuwa wani wuri. Delbert ya tsaya a ƙofar rumbu ya daɗe. Sannan ya kira Noreen ta kama masa gefe ɗaya, suka sauko da fiffiken daga bango. Noti huɗu ne. Ya ɗaure su da lalube, hannunsa ya san hanya. Ya yaye tamfol, ya tura ƙofofin rumbu har ƙarshe, ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya ɗauka, ƙasa ta amsa. Noreen tana tsaye da hannu a baki, ita da ke cewa motar kama take da agwagwa, sai ga ta tana share ido da gefen riga.

Ya sa giya. Dogon hancin ya fito rana a karon farko, sannan rufi, sannan fiffike. Ya bi tsakuwar tsakar gida a hankali, ya wuce igiyar shanya, ya wuce itacen tuffa, ya kai bakin kwalta. Hagu hanyar tafki ce, miƙaƙƙiya, ba kowa. Ƙafarsa tana kan totur, yana jin motar tana ja kamar kare a igiya.

Sai ga wani abu ja yana tahowa daga dama. A-kori-kurar Roscoe ja ce.

Bai ma san lokacin da ya sa giyar baya ba. Ya koma ta gaban tuffa, ta gaban shanya, da gudun da bai yi a fitowa ba, ya shige rumbu ya kashe inji ya zauna yana haki. Jan abin ya zo ya wuce. Motar mai kai iskar gas ce, mai ƙaton tanki a baya, wadda ko jariri ba zai ce ta Roscoe ba ce.

Noreen ta leƙo ta tagar motar.

"Yaya hanya? An sha iska?"

"Ba don shi ba ne," in ji Delbert. "Birki na ji yana ɗan ja gefe."

Ta juya ta koma cikin gida, kuma wannan ya fi masa ciwo. Shi kansa ya san abu biyu ne suka mai da shi: tsoron Roscoe, da kuma cewa bai iya bambance a-kori-kura da tankar gas ba. Da yamma ya kwance fiffiken shi kaɗai ya mai da shi bango, ya ce gobe. Gobe aka yi ruwa. Jibi ya ce a bari titi ya bushe. Bayan nan bai ƙara ba da dalili ba, Noreen ma ba ta ƙara nema ba.

Ranar haihuwarsa ya sa riga mai kwala suka je ofishin lasin. Matar da ke wurin ta ce ya sa goshi a jikin na'ura ya karanta layi na uku. Ya ga harafin farko da na ƙarshe. Ta ce ya gwada na biyu. Ya gwada. Mace ce mai kirki, ta yi magana a hankali don kada na baya su ji, ta ba shi katin shaida mai hotonsa wanda ba ya ba kowa izinin tuƙa komai. A hanyar gida Noreen ta tsaya ta sayi kek, suka ci a tsaye a kicin.

Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba, rediyo na cewa dusar ƙanƙara na tafe cikin mako, Noreen ta sauke shi a ƙofar Maxine ta ce za ta je kanti ta dawo. Ya gaya wa 'yan teburi cewa a-kori-kurarsa tana gareji. Kujerar Roscoe ba kowa, abin da bai taɓa faruwa ba sai ranar da aka yi masa aikin gwiwa. Maxine ta zuba kofi. Ana cikin zancen farashin waken suya sai cokula suka fara rawa a kan faranti.

Tun daga gada ake jin sa. Ba wanda ya tambayi mene ne. Kujeru suka yi baya, kowa ya yi taga, har mai suya ya fito daga kicin da cokali a hannu. Delbert bai tashi ba. Ta gefen ido ya ga wani baƙin abu mai sheƙi ya shigo fili ya tsaya, yana numfashi kamar bijimin sa. Aka ba shi wuta sau ɗaya, gilashin taga ya yi ƙara, sannan shiru.

Roscoe ya shigo. Ɗan gashin da ya rage masa a tsaye yake, kumatunsa sun yi ja don sanyi, yana dariya da baki duka, irin dariyar da Delbert bai ji daga gare shi ba tun suna makarantar sakandare.

"An haife ta a Mayu!" ya ce. "Na je tafki na dawo. Sau biyu! Maxine, ƙwai huɗu, yunwa nake ji kamar ɗan shekara ashirin."

Aka yi ta tafi ana dukan bayansa. Maxine ce ta tuna, ko kuma ta ga dama ta rufe shari'ar da ta buɗe.

"To, Roscoe, kai ka riga gamawa. Ka san hukunci."

Delbert ya gyara zama. Shekaru yana shirya wa wannan lokacin. Ya san Roscoe zai ce ba haka aka yi ba, zai ce kafiretar taimako ce daga waje, zai ce akwai sauran wani noti a ƙarƙashin kujera, kuma ga kowace ɗaya Delbert yana da amsa a ajiye.

"Af, wannan?" in ji Roscoe, yana jan kujera. "E mana. Ka ci, Del. Taka ta fi wuya, nesa ba kusa ba. Miƙo mini barkono."

Shi ke nan. Ya faɗe ta kamar mai cewa ana iska a waje. 'Yan ɓangaren Delbert suka yi shewa, wani ya ɗaga masa hannu sama kamar ɗan dambe, Maxine ta ce kofinsa na yau kyauta ne. Delbert ya yi murmushi don ya san ana kallonsa. Ya jira daɗin ya zo. Yana nan zaune yana jira Roscoe ya karkato, bakinsa cike da burodi.

"Na rantse maka, mutumina, mun yi wauta. Ka san abin da take yi in ka taka ta a giya ta uku bayan gada? Ba zan iya gaya maka ba, sai ka ji da kanka. Kai ka kawo kafiretar, rabonka ne. Ungo, je ka zaga da ita kafin a watsa gishiri."

Ya cillo makullin. Delbert ya ji ƙararsa a kan teburi, kusa, a gabansa. Ya dubi wurin. Ya ga gefen faranti, ya ga hannun kofi, tsakiya kuwa toka. Ya miƙa hannu ya dafa inda yake zato, ya kama cokali. Ya matsa kaɗan, ya taɓa kwanon sukari. Surutun teburi ya fara raguwa daga gefe ɗaya. Roscoe ya daina tauna.

Can sai ya ji an turo makullin a hankali har ya taɓa yatsunsa. Ƙarfen da ɗuminsa, na hannun Roscoe.

"Del," in ji Roscoe, da wata murya daban. "Tun yaushe?"

Delbert ya riƙe makullin. Ya ji haƙoransa a tafin hannu, ya ji nauyinsa. Sannan ya tura shi ya koma inda ya fito.

"Ni ba na tuƙa mota mai sauƙi," ya ce.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake an saba yi. A waje aka danna oda sau biyu, ƙaramar odar motar Noreen. Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya bi gefen kanta da hannu har ƙofa. Baƙar motar tana daf da matakala, inji yana ƙas-ƙas yana hucewa, warin fetur da zafin roba suna tashi. Ya ɗan tsaya, ya ɗora tafin hannu a kan madigadi ya bi layin ƙofa da yatsa har ƙasa. A miƙe yake. Ya zagaya ya buɗe ƙofar fasinja ta motar matarsa ya shiga.

"Na ji tafi," in ji Noreen. "Me aka yi?"

"Na ci musu."

Ta dube shi, ta dubi baƙar motar, ta sa giya.

"Barka," ta ce. "Ɗaura bel."